Abincinmu na Arewa a Danshin Legas: Sai Mun Sake Dabarar Ajiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas, musamman iyayenmu mata masu riƙe da madafa da magidanta masu zuwa cefane. Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Alaba Rago zuwa Obalende, duk gidan Bahaushen da ka shiga za ka tarar da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da garin masara, galibi saƙo ne daga gida, an ɗoro shi a motar albasa ko ta shanu. Babu abin da ke kwantar wa mutum hankali bayan ya wuni cikin cunkoson titi kamar tuwo da miyar kuka da man shanu. Sai dai kakanninmu sun tsara ajiyar wannan abinci ne don busasshiyar ƙasa. Mun taho da girkin, mun taho da dabarar ajiyar, kuma dabarar ba ta aiki a bakin teku.

A Kano ko Sakkwato iskar hunturu ce ke yi wa uwargida rabin aikin ajiya. A nan kuwa damina biyu ake yi, ɗaya daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, sannan Satumba da Oktoba, kuma danshin iska kan kai kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni. Busasshen abu yana zuƙar wannan laima daga iska ko ruwa bai taɓa shi ba. Shi ya sa gishiri ke narkewa a gwangwani, ƙulli-ƙuli ke yin taushi cikin kwana kaɗan, garin kuka ke dunƙulewa a leda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyaɗa da masara da busasshen barkono. Idan suka sha danshi sukan yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar yana fitar da gubar da masana ke kira afilatoksin. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasa ba ta kashe ta. Suya ma ɗan rage ta kawai take yi. Idan aka daɗe ana cin ta kaɗan-kaɗan tana lalata hanta har ta kai ga sankara, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a cikinmu. Idan ta yi yawa kuwa nan take take kisa: a shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masarar da ta lalace a ajiya. Wani bincike da aka yi a Benin da Togo, maƙwabtanmu na nan kusa masu irin yanayinmu, ya danganta gubar da tsumburewar ƙananan yara. Mu kuma da me muke yaye? Kunun gyaɗa da koko.

Maganin yana hannun mai tsinta. Kafin a soya gyaɗa ko a kai ta inji, a baje ta a faranti cikin haske, a cire duk ƙwayar da ta motse, ko ta fashe, ko ta canja launi, ko ƙwaro ya huda, ko bawonta na ciki ya yi baƙi-baƙi. Gubar ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi ne ke ɗauke da mafi yawanta, don haka tsinta tana rage ta ƙwarai. Abin da aka cire a zubar. Kada a ce asara ce a mayar da shi ƙulli-ƙuli ko yaji, kada kuma a bai wa akuya ko saniya mai tatsa, domin gubar tana fita a nono. Wannan ne dalilin da ya sa ban yarda da niƙaƙƙen kaya na kasuwa ba ga wanda ke da halin guje masa. Garin barkono da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin masara na ɓoye duk aibin da ido zai iya gani. A sayi abu da ƙwayarsa, a tsince, a niƙa na sati biyu ko uku, ba na wata uku ba.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane ko hatsi ya bushe. A samu kwalbar gilashi busasshiya ƙarau, a zuba mata hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka ɗan soya a kasko ya huce, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da sauran danshi, sai an ƙara shanya. Masara tana son danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 kafin ta ajiyu. Buhu kuma ba a dire shi a kan siminti ko a jingine shi da bango a garin nan. A ɗora shi a kan katako, a bar tazarar hannu tsakaninsa da bango.

Sai wake. Ɗumi da danshi na sa ƙwari su hayayyafa da sauri, shi ya sa wasu 'yan kasuwa da ma wasu gidaje ke yayyafa masa fiya-fiya. Wannan maganin feshin gona ne, ba na abinci ba. Saboda ragowarsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin barkatai. Har busasshen kifi ana yi wa. Idan ka tusa hannu cikin wake ka ji warin magani, ko hancinka ya fara ƙaiƙayi, bar shi komai arharsa. Wankewa da jiƙawa da zubar da ruwan tafasar farko na rage wanda ke saman ƙwaya, amma kada a dogara da su a ce an tsarkake waken da aka yi wa wanka da guba. Waken da ke da ɗan ƙwaro jefi-jefi ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ya shekara sumul ko ƙuda ba ya sauka a kansa.

Ajiyar wake ba ta buƙatar magani ko ɗigo. Ƙwaro iska yake shaƙa. A samu jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko sinadari ba, a cika ta da busasshen wake har wuya, ana jijjigawa don ya zauna, a sa leda a baki a murɗa murfi tam, kada a buɗe sai bayan wata guda ko fiye. Ƙwarin da ƙwayayensu duk za su mutu. Kuskuren da ake yi shi ne barin rabin jarka babu komai, ko buɗewa kullum ana ɗiba. Gara a raba waken a ƙananan robobi. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS haka yake aiki. Mai firiza kuma, in ba a ɗauke wuta ba, kwana huɗu a cikinta sun isa.

Tunda an zo kan wake, bari in taɓa ɗanwake, domin a nan ne ake wuce gona da iri wajen kanwa. Ga kofi biyu na garin alabo ko fulawa, kofi ɗaya na garin wake da cokali biyu na kuka sun wadatar. Kanwa kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, a jiƙa ta a rabin kofin ruwa ta kwanta, a tsiyaye ruwan saman kawai, domin yashi da datti na ƙasa. A kwaɓa da tauri daidai yadda zai saki hannu, a jefa cikin ruwan da ke tafasa sosai, idan ya taso sama a ba shi minti 10 zuwa 15. Idan ya dagargaje, kuka ce ta yi kaɗan ko ruwan bai tafasa ba. Idan ya yi ja yana bauri, kanwa ce ta yi yawa, kuma yawanta na kashe wasu sinadaran gina jiki da ke cikin waken, ga ɓata ciki, ga ƙarin nauyi ga mai hawan jini. Alabo kuma a saye shi fari tas mara tsami mai hawa kai da ɗigon baƙi, domin rogon da ba a jiƙa shi kwanakin da suka kamata ba yana riƙe da gubarsa. Abin da ake ji cewa wasu na jefa farasitamol a tukunya don nama ko ganda su yi saurin laushi, wannan kam ganganci ne da hantar mutane, kuma NAFDAC ta sha gargaɗi a kai.

Miyar kuka ita ma daga kukar take gyaruwa ko ta ɓaci. Kuka mai kyau kore ce shar, mai ƙamshin ganye. Wadda ta koma ruwan ƙasa ko take warin rumbu ta sha laima, kuma ita ce ke ba da baƙar miya mai ɗaci. Da saƙo ya iso a tankaɗe ta, a zuba a kwalba mai murfi, ba a bar ta a ledar da ta zo ba. Ga tukunyar mutum shida, romo lita ɗaya da rabi, daddawa ƙulli biyu a daka da albasa da attaruhu da citta, a bar su su dahu sosai har warin daddawar ya kwanta. Sannan a rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka cokali biyar da hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗawa da maburgi. Zuba ta gaba ɗaya shi ke kawo gudaji. Minti biyar a buɗe sun ishe ta. Idan daddawa ta ji, dunƙulen magi ɗaya ko biyu ya isa. Kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Ɗumame kuwa sai an yi haƙuri da ni. A Kano cikin Janairu dare kan sauka zuwa digiri 13, tuwon da ya kwana a kwano ba ya saurin lalacewa. A Legas kuwa ko da dare akwai ɗumi. Tuwon shinkafar da aka naɗe a leda da zafinsa aka zuba a kula ya kwana, yana sauka a hankali zuwa ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da ke tsallake dahuwa, kuma gubar da take fitarwa ba ta mutuwa da ɗumamawa. Amai ne ke biyo baya cikin 'yan sa'o'i, a ce wai shawara ce ko sammu. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. Mai firji ya buɗe malmalar ta sha iska ya saka da wuri, da safe ya yanka ƙanana ya tafasa su cikin miya har tsakiyarsu ta yi zafi. Wanda ba shi da tabbacin wuta ya tuƙa daidai cikin gida, musamman na shinkafa. Miya kuma a tafasa ta kafin a kwanta, kada a sake tsoma cokali, a sake tafasawa da asuba.

Kunun aya yana da saurin lalacewa ƙwarai, domin ba a dafa shi. Lokacin ɓarkewar kwalara a Legas a Yunin 2024, jami'an lafiya na jihar sun ce da yawa daga waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha kunun ayar da ba shi da rajista. Sana'a ce da 'yan'uwanmu mata da yawa ke ci da ita, don haka mu ya kamata mu fi kowa tsare ta. A tsince aya a wanke ta sau uku, a zuba mata tafasasshen ruwa kafin a jiƙa, a cire ƙwallon dabino a duba cikinsa, a markaɗa a tace da ruwan da aka tafasa ya huce. Injin unguwa da ruwan da ake zuba masa nan ne ƙazanta ta fi shiga, haka ma tsintattun gorunan roba da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Kunun safe in bai samu sanyi ba, kafin la'asar ya tashi daga aiki. Gora ta kumbura ko ta yi tsiit da aka buɗe, zubarwa za a yi.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Sarakunan Hausawa na unguwanninmu da shugabannin 'yan hatsi na kasuwar Mile 12 da Alaba Rago su haɗa kai su kawo buhunan PICS cikin sari, su kuma sa doka a tsakaninsu cewa duk wanda aka kama yana zuba fiya-fiya a wake ko kifi ya bar layin. Ku kuma ku turo wakilinku ya zagaya rumbunan ajiyar kasuwannin nan a tsakiyar watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, ya ga inda buhunan gyaɗa da masara ke kwana, ya rubuto wa masu karatu abin da idonsa ya gani.

Wassalam.

Mai karatunku a kullum,
daga Agege, Legas.