A Leƙa Gini Kafin A Sa Ranar Tarewa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ni magini ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyayen amare da angwaye.

Duk shekara da watan Sha'aban ya kama, ko bayan babbar salla, aikinmu sai ya koma na tashin hankali. An sa rana, an raba goro, an buga kati, sannan ango zai zo a guje wai a gyara masa sashensa cikin mako biyu. A kankare tsohon shafe, a sake filasta, a fitar da banɗaki, a sa tayil da silin, a yi fenti, don 'yan jere na tafe ranar Alhamis.

Siminti ba ya jin wannan magana. Ko na Figil ne da ke nan kan hanyar Marwa, ko wanda ake ɗaukowa daga Duwala, sai ya kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika, kuma a kwana 7 na farko ruwa yake so safe da yamma. Ga iskar hunturu mai busar da komai, ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40. Filastar da aka yi da safe, in ba a bi ta da ruwa ba, kafin la'asar samanta ya bushe alhali cikinta bai kama ba. Kana karcewa da farce yashi na zubowa.

Bara an kira ni ɗakin wata amarya a unguwar Yelwa, wata uku da biki. Kwana biyu da yin filasta aka shafa fenti. Ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri ya feso a gindin bango, bayan kabad ɗin da mahaifinta ya sha wuya kafin ya saya duk ya yi fumfuna. Tayil ɗin falo kuwa, da na ƙwanƙwasa da makulli sai na ji ƙarar rami, alamar ba a cika siminti a ƙarƙashi ba. Baiwar Allah nan ta tattara kayan aurenta a tsakar ɗaki ta rufe da zannuwa, mu muna kankara ƙura na tashi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ango ya biya kuɗi sau biyu, a gari kuma magini ake zagi.

Akwai kuma abubuwan da ba a hannunmu suke ba. Da rani idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wutar lantarki ya ja baya, wuta kan yi ta ɗaukewa, mai walda ya wuni zaune da ƙofofinka a gabansa. Da damina kogin Binuwai ya cika, ɗiban yashi ya yi wuya.

In an riga an sa rana, to a fara da abin da ba ya yiwuwa da mutum a ciki: kwano, wayarin, bututun ruwa, sokawe, daɓe, ƙofa da taga. Fenti ya jira. Amarya za ta iya tarewa a ɗaki mai filasta, a saki labule, bayan wata guda bango ya sha iska a zo a shafa mata cikin kwana ɗaya. A nan ne nake roƙon iyayenmu mata da 'yan jere su ji tsoron Allah. Yawancin garajen nan gudun bakinku ne, kada a ce an kai 'yar wane ɗakin da ba fenti.

'Yan'uwana magina, mu ma mu daina karɓar kafin alƙalami a kan alkawarin da muka san ba zai cika ba. Ka faɗa wa mutum gaskiya ko da zai kai aikin wani wuri.

Waliyyai kuma, ranar da za a zauna sa rana, a fara tura wanda ya san gini ya leƙa gidan. In ya ce da sauran filasta da tayil, a ƙara wata biyu a kan lissafi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Daga wani magini,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru