Rahoton ayyukan shekara: koyar da yara ƙanana wasan ces (chess)

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi da iyayen yara. Ga bayanin aikin da kwamitin koyarwa ya gudanar a bana da yara 'yan shekara 5 zuwa 9. Ana zama ne ranar Asabar da hantsi don kada a shiga lokacin Islamiyya, kuma zama ɗaya ba ya wuce minti 40, domin daga nan hankalin yaro ya tafi wani wuri.

Babban canjin da aka yi shi ne daina jera wa sabon yaro 'ya'yan wasa 32 a ranar farko. Yaro ɗan shekara 6 ba zai riƙe tafiya iri 6 a zama ɗaya ba. Yanzu ana farawa da allo tsirara: gidaje 64, layuka daga 1 zuwa 8, haruffa daga a zuwa h, kuma farin gida ya kasance a kusurwar hannun daman mai wasa. Idan aka juya allon ba daidai ba, sarki da sarauniya za su sauya wuri, duk abin da aka koya ya rikice. Sarauniya tana zama a gida mai launinta, fara a d1, baƙa a d8.

Daga nan sai hasumiya mai tafiya a miƙe, sai giwa mai tafiya a karkace, sai sarauniya da ta haɗa tafiyar su biyun, sai sarki mai taku ɗaya. Doki ne ke cin lokaci. Abin da ya fi taimaka wa yara shi ne lura da cewa duk tsallen da doki ya yi sai ya sauya launin gida. Malami kan ajiye shi a tsakiyar allo, yaro ya ɗora murfin kwalba a kan gidaje 8 da zai iya sauka, sannan a mayar da shi kusurwa, yaro ya gani da idonsa cewa saura gida 2 kacal. Soja kuma, tunda gaba yake tafiya amma a karkace yake ci, an ware masa nasa wasan: sojoji 8 da 8, ba kowa a allon sai su, wanda ya fara kai ɗaya layin ƙarshe ya yi nasara. Yara suna son wannan ƙwarai, kuma a cikinsa suke fara ƙirga taku kafin su motsa hannu. An jinkirta musayar wurin sarki da hasumiya, da cin soja a wucewa (cin sojan abokin wasa da ya yi taku biyu ya tsaya a gefen naka), har sai yaro ya iya kammala wasa cikakke.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, yaro ya rage da sarauniya a kan sarki tilo, ya matse shi har ya rasa gidan zuwa alhali ba a kai masa hari ba, sai wasan ya tashi canjaras. Maganinsa tambaya ɗaya kafin kowane motsi: ina sarkin abokin wasa zai je? Na biyu shi ne kamun sarki cikin taku huɗu da sarauniya da giwa ke yi a gidan f7, gidan da sarki kaɗai ke karewa. Muna koyar da yadda ake tare shi, amma ba ma yaba wa yaron da ya mayar da shi makaminsa, domin ranar da ya gamu da wanda ya san maganin, ya fito da sarauniyarsa a banza. Waɗanda suka saba da diraf kuma kan tsallake ɗan wasa don su ci shi. A ces ana cirewa ne a zauna a gidansa.

Game da kayan wasa, allon roba mai naɗewa ya fi na kwali ƙarko, muddin an naɗe shi zanen yana waje, in ba haka ba gefunansa su tashi. Gida mai faɗin santimita 5 zuwa 6 da sarki mai tsayin santimita 9.5 shi ne ma'aunin gasa, kuma ya fi dacewa da hannun yaro fiye da ƙananan na aljihu. An janye masu maganaɗisu gaba ɗaya saboda ƙannen da ke biyo yayyensu. Haɗiye maganaɗisu haɗari ne babba. Kayan masu koyo da aka zana wa kibiyoyin tafiya a jiki suna da amfani a makonnin farko, amma a cire su da wuri, don yaro kan koma karanta kibiya maimakon duban allo. Kafin a tashi, kowane ɓangare ya jera nasa 16 a mazauninsu. Sojoji ne suka fi ɓacewa.

A ranar 20 ga Yuli, ranar ces ta duniya, wadda ta dace da kafuwar FIDE, hukumar ces ta duniya, a Faris a 1924, an yi ƙaramar gasa ba tare da agogo ba, da dokar cewa ɗan wasan da yaro ya taɓa shi ne zai motsa, da gaisawa kafin wasa da bayansa.

A shekara mai zuwa za a fara koya wa manyan ajin rubuta motsinsu, kuma muna buƙatar malamai mata don ajin 'yan mata, da babban allon bango na nuni. Malami ɗaya ba ya iya lura da fiye da allo 5 a lokaci guda, don haka ba za a ƙara yara ba sai an sami ƙarin malamai. Mai sha'awa ya sanar da sakatare kafin taron wata mai zuwa.