Sanarwa ga ƴan rukuni game da cutar bayfola

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ganin muhawarar da ta taso a rukunin nan kan cutar bayfola, wato lalurar ƙwaƙwalwa mai sauya yanayin mutum tsakanin zumuɗi da ƙunci, ya dace a fayyace wasu abubuwa. Mai wannan cuta yakan shafe kwanaki bai runtsa ba, yana ta zuba zance, yana rabar da jarinsa a kasuwa, daga baya kuma ƙunci ya danne shi tsawon makonni har ya kasa leƙa ƙofar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke fama da ita a 2019. Ba daidai ba ne a ɗaure ɗan'uwa da mari ana cewa iskoki ne.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Wanda likita ya ɗora a kan maganin litiyom kada ya bari don ya ji sauƙi, domin ciwon yakan dawo. Ya riƙa yin gwajin jini, ya yawaita shan ruwa, musamman a zafin garin Garwa na Maris da Afrilu, kuma ya nemi shawarar likita kafin azumi, tunda ƙarancin ruwa a jiki yana sa maganin ya taru a jini.

Muna kuma roƙon kada a sake turo bidiyon mara lafiya a nan, za a goge shi nan take.