Ƙayoyi sun fito mini a fuska bayan dashen ƙoda

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ba na bari shirinku ya wuce ni.

Ni matar aure ce a Gwammaja, shekarata 34. Na yi shekara biyu ina wankin ƙoda kafin ƙanena ya ba ni tasa aka yi mini dashe. Tun ranar ban taɓa tsallake magani ba, tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, masu danne garkuwar jiki don kada jikina ya ƙi ƙodar, ko gidan biki zan je suna cikin jakata.

Wata bakwai ke nan wasu ƙananan ƙuraje suka feso mini a hanci, kowanne da ɗan farin tsini a tsakiya kamar ƙaya. Suka haura goshi da kunnuwa, gashin girata ya zube. Yanzu ko maƙwabta zan shiga sai da niƙabi, 'yata ƙarama kuwa ta daina shafa fuskata, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Likitan fata ya yanki ɗan wurin aka gwada. Ya ce sunanta trichodysplasia spinulosa, wata ƙwayar bairos ce ke kawo ta, wadda sai a 2010 aka gano ta. Mutane da yawa suna ɗauke da ita tun suna yara ba ta yi musu komai, sai garkuwar jiki ta yi rauni take kama tushen gashi. Ya ce ko dai a rage mini magungunan danne garkuwa, ko in riƙa shafa man cidofovir, ko in sha valganciclovir. Maigidana ya zagaya kantunan magani har Sabon Gari, bai samu man ba.

Ragewar ce ta hana ni barci, Likita. Ƙodar nan amana ce. Yaron nan ya kwanta an yanka shi saboda ni, yana da mata da ɗa. Idan aka rage magani jikina ya ƙi ta, da wane ido zan kalle shi?

Surukata kuma ta dage jifa ne, ta aiko da jiƙo da garin shafawa daga kasuwar Kurmi. Ban sha ba, amma na rasa yadda zan faɗa mata ba tare da ta ga na raina ta ba.

Don Allah, ana iya ragewa kaɗan kaɗan ana auna jini ƙodar ta tsira? Man shafawar ba ya taɓa ƙoda? Kuma gira tana dawowa?

Taku mai sauraro,
daga Gwammaja, Kano