Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Ishaku

Ɗana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da abokan hidimar ƙasarka. Mu nan gida lafiya ƙalau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ban nuna wa mahaifiyarka ba, ba kuma zan nuna mata ba. Da gangan na ƙi kiran ka a waya, don na san halinmu: kunya za ta rufe mu, mu ɓige da zancen damina da tsadar taki, mu yi sallama ba mu taɓo maganar ba. Ka ce ka daɗe kana fama da istimna'i, wato biyan sha'awa da hannu, ka yi azumi, ka yi wa Allah alkawari ka karya, har ka bar ƙungiyar mawaƙa, ka kuma daina cin Jibin Ubangiji don kana ganin kanka munafuki. Kana tambaya ko hukuncin Onan ne yake jiran ka, da kuma ko ka riga ka lalata jikinka. Ɗan da ya iya kawo wa ubansa irin wannan magana bai lalace ba. Madalla da kai.

Ɗauko Littafi Mai Tsarki ka buɗe Farawa sura 38, ka karanta da idonka, kada ka tsaya ga abin da ka ji a bakin mutane. Er, ɗan farin Yahuza, ya mutu bai bar baya ba. Bisa al'adarsu, wadda daga baya ta shiga Shari'a a Maimaitawar Shari'a 25, sai ƙanensa Onan ya ɗauki matar, wato Tamar, don ya samar wa marigayin magaji. Onan ya san ɗan da za a haifa ba nasa zai zama ba, saboda haka duk sa'ad da ya kwana da ita sai ya zubar a ƙasa. Ka lura, ba shi kaɗai yake a ɗaki ba, da mace yake. Ya mori jikinta, ya hana ta ɗa, alhali a zamanin nan ɗa shi ne madogarar gwauruwa, ya kuma ci amanar wansa da ke kabari. Gaskiya ne malamai na dā, irin su Kalbin, sun ɗauki zubarwar kanta a matsayin babban laifi, ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma labarin ba a kan abin da yake damun ka yake magana ba.

Inda Shari'a ta yi zancen fitar maniyyi kai tsaye shi ne Littafin Firistoci 15:16-18. Abin da ta ce, mutum ya yi wanka, ya ƙazantu har maraice. Ba a ce ya kawo hadaya ba, ba a ce a jefe shi ba, kuma hukuncin nan ɗaya ne da na miji da matarsa ta aure idan sun sadu. Haka Maimaitawar Shari'a 23:10-11 ta ce game da wanda ya yi mafarki da dare. Don haka in ka farka ka ga ka yi mafarki, ka wanke jikinka ka kama harkarka, wannan aikin jiki ne, babu abin tuba a ciki. Daga Farawa har Wahayin Yahaya babu ayar da ta ambaci istimna'i da sunansa. Littafin da bai ji nauyin ambaton zina da fasikanci da kwana da dangi ba, ba kunya ce ta sa ya yi shiru a nan ba.

Batun jiki kuwa, ka kwantar da hankalinka. Ka san masu maganin nan da ke kafa lasifika a tasha da bakin kasuwa, suna lissafa makanta, da mantuwa, da ƙanƙancewar gaba, da rashin haihuwa. Su suna tsammanin ilimin kakanni suke sayarwa, alhali yawancin wannan tsoro Turawa ne suka baza shi a duniya. A farkon ƙarni na 18 wani da bai sa sunansa ba ya buga ƙasida a Landan, ya laƙaba wa abin sunan Onan, ya jera cututtuka, sa'an nan a ƙarshe ya tallata maganinsa. Ka ga dai sana'ar ba sabuwa ba ce. A 1760 wani likita ɗan Suwizalan mai suna Tissot ya fitar da littafi da Faransanci yana cewa asarar awo ɗaya na maniyyi ta fi asarar awo arba'in na jini raunana mutum. Likitocin Turai da Amurka suka bi shi fiye da shekara ɗari, aka azabtar da mutane ba gaira ba dalili. Likitocin yau sun watsar da wannan duka. Ba ya makantarwa, ba ya haukatarwa, ba ya hana haihuwa, jiki kuma kullum cikin ƙera sabon maniyyi yake. Kada ka ba kowa ko sisinka. In kana jin wani ciwo na zahiri, ka je asibiti.

To, yanzu kada ka ce Baba ya ba ni lasisi. Ban gama ba.

Masu bi ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan magana, kuma gara ka sani. 'Yan'uwanmu Katolika matsayinsu a rubuce yake. Katekisim ɗinsu na 1992, wanda ya fito a zamanin Fafaroma John Paul na biyu, ya ce a sakin layi na 2352 aikin a kan kansa karkatacce ne ƙwarai, domin ya raba jin daɗin jima'i da abin da aka yi shi dominsa, wato ba da kai cikin aure da kuma haihuwa. Amma sakin layin bai tsaya nan ba. Ya ce kafin a auna laifin mutum sai a duba ƙuruciya, da ƙarfin sabo, da damuwar rai, don waɗannan suna iya rage nauyin laifin matuƙa. Masu tsoratar da matasa ba su cika karanta wannan rabin ba. A ɗaya gefen akwai James Dobson na Amurka, wanda ya kafa ƙungiyar Focus on the Family, mutum mai tsananin riƙo da koyarwar iyali, amma a littafin da ya rubuta wa matasa a 1978 ya ce a ganinsa wannan ba wani babban al'amari ba ne a wurin Allah, abin da ya fi ba shi tsoro shi ne nauyin laifin da yake kore yara daga bangaskiya. Ya sha suka a kan haka.

Ni dai maganar da ta fi kama hankalina ta C. S. Lewis ce, malamin nan na Ingila. A wata wasiƙa da ya rubuta wa wani saurayi a 1956, ya ce an ba namiji sha'awa ne don ta fitar da shi daga kansa zuwa ga wata, daga nan zuwa 'ya'ya da jikoki. Istimna'i kuwa yana juyo da ita ciki, ya kulle mutum da matan da ya ƙera a zuciyarsa, waɗanda kullum a shirye suke, ba sa gajiya, ba sa fushi, ba sa neman komai a wurinsa. Wanda ya saba da irin waɗannan, mace ta gaske za ta yi masa nauyi. Na yi shekaru ina zaman sulhun ma'aurata a majalisar dattawan ikkilisiya, kuma na ga gaskiyar wannan. Akwai magidantan da jikinsu yana gida, amma an daɗe da sace idonsu.

Ga inda na tsaya. Ban isa in kira abu zunubi mai kai wuta ba alhali Nassi bai kira shi haka ba. Amma Ubangiji ya ce a Matiyu 5:28 wanda ya dubi mace da sha'awar mallakarta ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa. Kai ka san abin da yake gaban idonka, ko cikin zuciyarka, a lokacin da abin yake faruwa. Ba ka faɗa a saƙonka ba, amma zamanin nan na sani, ina kyautata zaton waya tana ciki. In haka ne, nan ne yaƙin yake. Matan da ke cikin hotuna da finafinan batsa 'ya'yan wasu ne, an halicce su cikin kamannin Allah kamar ƙannenka mata, wasunsu ma talauci ko tilas ne ya kai su gaban kyamara. Duk wanda ya kalla ya ƙara wa kasuwar riba. A kan wannan ba ni da sassauci ko kaɗan, zunubi ne, ka rabu da shi. Sa'an nan Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 6:12, ko abu halal ne gare shi, ba zai yarda kome ya mallake shi ba. Kai da kanka ka ce kana so ka bari ka kāsa. Abin da ya hau kan mutum haka ya cancanci a yaƙe shi, ko akwai ayar da ta kira sunansa ko babu.

Amma ka bambanta sha'awa da muguwar sha'awa. Kai saurayi ne mai shekara 24, lafiyayye. In ka ga kyakkyawar budurwa jininka ya motsa, ba Shaiɗan ba ne, halittar Allah ce, shi ne kuma ya sa Waƙar Waƙoƙi a tsakiyar Littafinsa. Laifin yana farawa ne inda ka tsayar da kallon, ka ɗauke ta ka kai ta ɗakin zuciyarka. Masu ƙin jikinsu ba su fi kowa tsarki ba. Yusibiyus, marubucin tarihin ikkilisiya, ya ruwaito cewa Orijin na Iskandariya, da duk iliminsa, ya dandaƙe kansa yana saurayi don ya ɗauki Matiyu 19:12 a zahirinta. Da bishop-bishop suka taru a Nikiya a shekara ta 325, dokar farko da suka kafa ita ce wanda ya yi wa kansa haka da gangan ba zai riƙe aikin ikkilisiya ba. Maganar yanke hannu da ƙwaƙule ido da ke Matiyu 5, nufinta ka rabu da abin da yake kai ka ga faɗuwa ko da yana da tsada a wurinka. A zamaninku wannan ya fi kama da sayen data da tsakar dare.

Shi kuma mai wa'azin da ya ce maka aljana ce ta aure ka, sai ka kawo "iri" na kuɗi a raba ku, ka rabu da shi. Yakubu 1:14 ya ce sha'awar mutum ce take jan sa ta yaudare shi. Galatiyawa 5 ta sa ƙazanta cikin ayyukan jiki, ta sa kamunkai cikin 'ya'yan Ruhu. 'Ya'yan itace kuwa nuna suke yi a hankali, ba a sayen su a daren addu'a guda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk saƙonka shi ne barin Jibin Ubangiji. Ishaku, wa ya gaya maka teburin nan na waɗanda suka gama cin nasara ne? Da haka ne, da ni da fasto da dukan dattawa sai mu koma bencin baya. Bulus ya ce mutum ya gwada kansa sa'an nan ya ci, bai ce ya gwada kansa ya gudu ba. Wanda ya kamata ya ji tsoron teburin shi ne mai zunubin da ya yi zamansa a ciki hankali kwance, ba wanda yake kuka a kansa ba. Ka karanta 1 Yahaya 1:9, ka ga ko an sa iyakar sau nawa. Ka karanta Romawa 8:1. Kunyar da take hana ka addu'a ta fi abin da ya jawo ta haɗari, domin mutum ya faɗi, ya ji ƙyamar kansa, ya janye daga jama'a, kaɗaici ya kama shi, kaɗaicin ya sake mai da shi inda ya fito. Ogustin, ɗan Afirka ne kamarmu, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ya yi shekaru yana zaune da macen da bai aura ba, har da ɗa, kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda yake roƙon Allah ya ba shi kamewa, amma ba yanzu ba. Sai a 386, a birnin Milan, Romawa 13:13-14 ta kama shi. Mutumin nan ne ya zama bishop na Hippo, har yau ana karanta shi a makarantun tauhidi.

Ka daina yi wa Allah rantsuwar "daga yau ba zan ƙara ba". Kana ɗora wa kanka laifi biyu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka zauna ka lura: wane lokaci ne, bayan me, a wane hali? Sau da yawa ba sha'awa ce take farawa ba, gajiya ce, ko ɓacin rai, ko zaman banza a garin da ba ka san kowa ba. Wayar nan ta riƙa kwana nesa da shimfiɗarka, ka sayi ƙaramin agogo don tashin asuba. Shafukan da ka san suna jan ka, da rukunonin WhatsApp da ake turo shashanci, ka fita ba sallama. Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya muhawara ba, rigarsa ma barin ta ya yi. Ka koma ƙwallonka da yamma, ka koma cikin mawaƙa. Ka kuma nemi namiji guda, mai bi, wanda ya girme ka, mai riƙe sirri, wanda zai iya tambayar ka gaskiya ba tare da ya kai ka gaban bagadi ba. Ba budurwarka ba, ba kuma taron zumunta ba. In ka ga abin ya kai yana hana ka barci ko aiki, ganin likitan da ya san halayyar ɗan Adam ba rashin bangaskiya ba ne.

Na san za a ce maka ka yi aure kawai, ai Bulus ya ce gara aure da ƙuna. Haka ya ce a 1 Korantiyawa 7:9, ni ma ina son ganin jikokina. Amma 'yar mutane ba magani ba ce. A cikin aure ma akwai tafiya, da jinya, da jego, kamunkan da ba ka koya yanzu ba, shi za a nema a wurinka a lokacin. In akwai wadda hankalinka ya kwanta da ita, ka faɗa mini, mu bi ta hanyar da ta dace.

Ranar Lahadin farko ta wata mai zuwa ina so ka je ka ci Jibi, ka aiko mini da saƙo cewa ka je. Mahaifiyarka ta ba direban motar Asabar ƙullin yaji da daddawa da gyaɗa, ka je tasha da wuri ka karɓa. Ƙannenka suna gaishe ka. In an ba ku hutun Kirsimeti ka taho da takalmin gona, akwai dawa da za mu kwaso.

Alherin Ubangiji Yesu ya kasance tare da kai.

Ni ne,
Babanka