Manhajar Koyon Tuƙin Foklif: A Fara Da Nauyi Kafin Kwalliya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Muna roƙon a ba mu fili mu ja hankalin matasan da ke ƙera manhajojin kwaikwayon tuƙi, musamman na motar ɗaga kaya mai yatsu biyu da ake kira foklif. Yawancin abin da ake nunawa yana da kyan gani: sito mai haske, fenti yana walƙiya, ƙarar inji kamar gaske. Amma ka ɗora wa motar tan biyu, ka ɗaga kayan sama, ka sha kwana da gudu, sai ka ga ta wuce lafiya lau. Mota ta gaske da tuni ta kife. Wanda ya koyi tuƙi a irin wannan manhaja ya koyi ganganci ne, gara ma bai hau ta ba.

Tushen matsalar shi ne ana ɗauko tsarin ƙaramar mota da ke zuwa a shirye cikin manhajojin ƙera wasanni irin su Unity ko Unreal, a sauya mata riga kawai. Foklif kuwa wata halitta ce daban. Tayoyin baya ne ke juyawa da sitiyari, na gaba su ke ja. Ba ta da sifirin ko shokozoba, ɗan lotsawar roba ce kaɗai ke shanye gargada. Aksil ɗin baya kuma rataye yake a kan ƙusa guda a tsakiya, yana lilo hagu da dama. Saboda haka ko da tayoyinta huɗu ne, a kan wurare uku take tsaye: tayoyin gaba biyu da wannan ƙusa. Wuraren nan uku sun zana alwatika, kuma muddin cibiyar nauyin mota da kayanta ta leƙa wajen alwatikar, faɗuwa ta zo. In aka manna tayoyi huɗu kai tsaye a jikin mota, an ba ta murabba'i a maimakon alwatika, kuma ba za ta kife a inda ya kamata ba. A gina aksil ɗin baya a matsayin jiki mai zaman kansa, a haɗa shi da gangar mota da mahaɗi mai lilo, a sa masa iyakar 'yan digiri.

Sai nauyi. Kada a bar injin lissafin motsi ya ƙiyasta cibiyar nauyi daga siffar zane, domin zai ɗauka ko'ina ƙarfe ne iri ɗaya. Foklif mai ɗaukar tan 2.5 kan kai wajen tan 4, kuma kaso mai yawa na nauyin yana cikin dunƙulen ƙarfen da ke bayanta. A raba ta: gangar jiki, dunƙulen baya, kowane hawa na turken ɗagawa, da allon da yatsu ke maƙale, kowanne da nauyinsa da cibiyarsa. Da haka cibiyar nauyi za ta hau sama da kanta idan kaya ya tashi.

Ga lissafin da za a gwada manhaja da shi. A ce daga aksil ɗin gaba zuwa gindin yatsu mita 0.47 ne, allon bayanan mota kuma ya ce kilo 2,500 idan cibiyar kaya tana tazarar mita 0.5 daga gindin yatsu. Ka haɗa tazarar biyu, 0.97, ka ninka da 2,500, ka sami 2,425. Idan kayan dogo ne har cibiyarsa ta koma mita 0.8, sai ka raba 2,425 da 1.27, ka sami kimanin kilo 1,900. Wato santimita 30 kacal ta cinye kilo 600. Manhajar da tayoyinta na baya ba sa yin sauƙi, sitiyari bai fara kuɓucewa ba sa'ad da aka wuce wannan iyaka, akwai gyara a cikinta.

Inda aka fi shan wuya shi ne wajen zura yatsu a katakon ɗora kaya. Injinan lissafin motsi da aka saba da su, irin su PhysX da Bullet, sun fi son siffa mai cikakken ciki ga duk abin da ke motsi, don haka in ka ba su zanen katakon suka naɗe shi da kansu, sai su toshe ramukan da yatsu ke shiga. Direba ya zo daidai, yatsu su daki iska su tura katako gaba. A gina shi da ƙananan akwatuna: alluna daban, dungu tara daban. Katakon Turai da aka fi sani tsawonsa milimita 1,200 ne, faɗi 800, tsayi 144, nauyinsa wajen kilo 25.

Wannan kilo 25 ɗin shi ma wata fitina ce. Katakon yana matse tsakanin kaya mai tan biyu da mota mai tan huɗu, kuma injinan wasanni ba sa warware lissafi gaba ɗaya, maimaitawa suke yi 'yan lokuta su tsaya. Idan abu mai nauyi ya ninka mara nauyi sau goma ko fiye, sai ka ga kaya yana rawa, ko yana nutsewa cikin katako, ko ya yi tsalle ba dalili. Akwai mai ƙara wa katako nauyin ƙarya don ya huta, amma hakan yana ɓata lissafin da muka yi a sama. Abin da ya fi shi ne a ƙara yawan maimaitawar, a kuma rage tsawon taku, wato lokacin da ke tsakanin lissafi ɗaya da na gaba. Unity tana zuwa da taku na sakan 0.02, wato sau 50 a sakan. A gudun kilomita 18 a awa, mota na cin santimita 10 a kowane taku, alhali kaurin yatsa wajen santimita 4 ne, don haka yana iya ratsa allo injin bai gani ba. A kai lissafin sau 200 a sakan ko fiye, a raba shi da saurin zana hoto. Wanda aikinsa ya wuce nan sai ya duba injinan da aka yi musamman don manyan injuna, kamar AGX Dynamics, Vortex Studio, ko Project Chrono wanda kyauta ne.

Taya ma tana da nata tarkon. Tsarin Pacejka da ake yawan amfani da shi wajen lissafin riƙon taya yana raba zamewar taya da gudun mota, to idan gudu ya kusa sifili lissafin sai ya haukace, mota tana tsaye a gangara tana karkarwa ko tana silalewa da birki a danne. Motar tsere ba ta damu ba, amma foklif rabin aikinta tafiyar hawainiya ce. Ƙasa da kamar mita ɗaya a sakan, a koma wa lissafin da ke ɗaukar taya kamar roba mai riƙe ƙasa har sai ƙarfi ya fi ƙarfin gogayya.

Turken ɗagawa kada a motsa shi da hoto mai motsi. Liba tana buɗe bawul ne, yawan man da ke wucewa shi ke ba da sauri, matsin mai kuma shi ke ba da ƙarfi. Sarƙa tana sa yatsu su ninka silinda gudu, silinda kuma ta ɗauki ninkin nauyin. A sa iyakar matsi, yadda kaya in ya yi yawa inji zai yi gurnani yatsu su ƙi tashi. Saukowa kuwa nauyi ne ke yin ta, bawul yana tarewa.

Kafin a zaunar da ɗan koyo, a yi wa motar gwajin da ƙa'idar ISO 22915 ta tanadar wa ta gaske: a ɗora ta a dandamali mai karkata, da kaya a sama da kuma a ƙasa, a riƙa ƙara karkatar kaɗan-kaɗan ana rubuta digirin da taya ta fara ɗagawa. Daga nan a kira direban da ya daɗe a sana'ar ya sha kwana da ita ba kaya, turke a sama, ya faɗa ko a nan ta gaske take fara ɗaga ƙafa.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin manhaja