Amsar tambayarka kan ƙawancen tsaron Saudiyya da Fakistan

Ɗana, assalamu alaikum.

A taron ɗaurin auren da aka yi a unguwar Shara Mansur ta Makka ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni ko yarjejeniyar da Saudiyya ta ƙulla da Fakistan a Riyad ranar 17 ga Satumba 2025, wadda ta ce hari kan ɗaya hari ne kan duka biyun, za ta nesanta mu da yaƙi ko kusanto da shi za ta yi. Kiran sallah ya katse mu, shi ya sa na rubuto.

Yaron da yake da yayye a unguwa ba a cika taɓa shi ba. Tun kafa ƙungiyar NATO a 1949, Mosko ba ta taɓa mamaye ƙasar da ke cikinta ba, alhali Yukiren da ke waje ta sha mamaya a 2022, abin da ya sa Finlan da Suwidin suka garzaya ciki. Sai dai yaron nan shi ya fi kowa tsokana, kuma faɗan da ya jawo kan yayyensa yake ƙarewa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na Urdun ne. Ranar 30 ga Mayun 1967 Sarki Husaini na Urdun ya tashi takanas zuwa Alƙahira, ya rattaba hannu kan ƙawancen tsaro da shugaban Masar Jamal Abdul Nasir, har ya miƙa ragamar sojojinsa ga wani janar ɗan Masar. Kwana shida bayan haka yaƙi ya ɓarke da Isra'ila, kuma kafin mako ya zagayo Urdun ta rasa Gabashin Ƙudus, da Masallacin Aƙsa a cikinsa. A ganina laifin na lokacin ne, domin an ƙulla alkawarin wuta tana ci, kuma wanda ya hura ta shi aka bai wa linzami.

Yarjejeniyar Riyad ta zo kwana takwas bayan harin Isra'ila a Doha, babban birnin Ƙatar, don haka kowa can ya mai da ido. Ni kuwa gabas nake kallo, domin a watan Mayun shekarar Fakistan da Indiya sun kwana huɗu suna musayar makamai masu linzami, ga Indiyawa fiye da miliyan biyu suna aiki a nan Saudiyya.

Ka gaida mahaifinka.